Tun Oktoba ya kamata iyaye su yi wannan fargabar, ba Disamba ba

Duk mai yaro a ajin ƙarshe na sakandare a Amurka ya san yadda tsakiyar Disamba take a gida. Uwa ta ƙara nafila, uba yana wajen aiki amma rabin hankalinsa na kan waya, shi kuma yaron ya shige ɗaki ya turo ƙofa don ya gaji da tambayar "ya fito?" safe da yamma. Jami'a zata turo imel tace ranar kaza ƙarfe kaza za'a saki sakamakon neman gurbin karatu, shikenan daga ranar babu mai cin abinci da daɗi, har ƙannen da basu san me ake ciki ba sai kaga sun rage hayaniya. Ina tausayin iyayen nan sosai wallahi, musamman namu da suka zo ƙasar nan da girmansu basu yi makaranta a nan ba, suna ji a jikinsu cewa wani babban abu na faruwa da ɗansu amma ba wanda ya zaunar dasu ya warware musu yadda tsarin yake. Kuma abin da ke damuna shine mafi yawanmu muna kashe ƙarfinmu wajen fargabar amsar da bata hannunmu, alhali ranar da abin yake hannunmu, ranar da aka miƙo mana takarda akace mu sa hannu, mun sa ba tare da mun tambayi komai ba.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Neman jami'a na kowa da kowa ana rufe shi ne a farkon Janairu, amsa ta fito ƙarshen Maris, a baka har 1 ga Mayu ka zaɓi inda zaka. Amma akwai na sammako, wanda ake rufewa 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Shi kuma kala biyu ne. Akwai mara ɗauri, in an ɗauke ka kana da damar cewa na gode bari in jira sauran, irin na MIT kenan, su Harvard da Yale da Princeton da Stanford ma nasu ba ɗauri sai dai sun hana ka yin sammako a wasu manyan jami'o'in kuɗi a lokaci guda. Sai kuma mai ɗauri wanda ake kira ED, irin na Columbia, Penn, Brown, Cornell, Dartmouth, Duke, Northwestern, NYU da sauransu da yawa. A nan jami'a ɗaya tal zaka nema, kuma ka yi alkawari in sun ɗauke ka zaka zo, ka janye duk takardun da ka tura wasu wurare. Mutum uku ke sa hannu a alkawarin, yaron, da mahaifi ko mahaifiya, da malamin makarantarsu mai ba ɗalibai shawara. Da wannan mai ɗaurin nake, kuma ra'ayina a kansa bana ɓoyewa: an gina shi ne don amfanin jami'a da gidajen masu hali, kuma kamata yayi a daina shi.

Ba wauta ce ke kai mutane ciki ba, lambobin ne suke kira. A Disambar 2023 Harvard ta ɗauki 692 cikin mutum 7,921 da suka yi sammako, kusan 9 cikin 100 kenan, alhali in aka haɗa duka masu nema na shekarar, sama da dubu 54, waɗanda suka samu basu kai 4 cikin 100 ba. Brown a wannan shekarar ta ɗauki wajen 14 cikin 100 a sammako, a jimla kuma wajen 5. Tun 2003 wasu masu bincike da suka haɗa da Christopher Avery da Richard Zeckhauser na Harvard suka bi bayanan dubban masu nema, suka gano cewa yin sammako kaɗai yana ɗaga yaro kamar an ƙara masa maki 100 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. Toh wane uba ne zai ji haka ya ce ma ɗansa dakata? Babu.

Sai dai akwai abin da lambar bata faɗa. Cikin waɗanda ake ɗauka a Disamba akwai 'yan wasannin da koci ya riga ya gama magana dasu tun bazara, akwai 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar, akwai 'ya'yan masu ba jami'a gudummawa da 'ya'yan malamanta, duk ta wannan ƙofar aka fi shigo dasu. In ka cire su, rabon yaron da ba shi da kowa sai makinsa ya ragu sosai. Kuma kafin yaro ya iya kammala komai a 1 ga Nuwamba sai ya zama ya gama SAT tun ajin baya, ya rubuta insha'insa na kalma 650 na Common App, wato fom ɗin intanet da ake neman jami'o'i da yawa da shi, a lokacin hutu wani ya duba masa an gyara an sake gyarawa, ya ziyarci jami'o'i har ya san wadda yake so, malamai sun rubuta masa takardar shaida da wuri. A makarantun kuɗi akwai ofishi guda da ba shi da aiki sai wannan, tun yaro na aji 9 ake tsara masa hanya, wasu ma suna biyan mai ba da shawara na musamman dubban daloli. A makarantun gwamnati kuwa, in aka ɗauki ƙasar baki ɗaya, malami ɗaya mai ba da shawara yana riƙe da ɗalibai sama da 370, alhali ƙungiyarsu cewa tayi kar ya wuce 250, kuma shi ne dai zai ji da rigimar faɗa da fashin makaranta da matsalar gida. Kana taƙama da sammako wani a hanya ya kwana. Binciken su masanin tattalin arziki Raj Chetty na 2023 ya nuna cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 na sama a dukiya ya ninka ɗan matsakaicin gida fiye da sau biyu wajen samun kansa a manyan jami'o'in nan ko da makinsu na SAT ɗaya ne.

Su kuma jami'o'in me suke samu? Komai. Babban ciwon kan ofishin admishan shine basu san nawa ne cikin waɗanda suka ɗauka zasu zo ba, yaro mai ƙoƙari zai iya samun gurbi biyar ya zaɓi ɗaya. Amma wanda aka ɗaure zuwa zai yi. Da haka sai su cike kusan rabin aji tun Disamba, kamar yadda Penn ta daɗe tana yi, ragowar kujerun 'yan kaɗan kuma a bar wa dubban da zasu zo a Janairu su yi ta kokawa, sai adadin waɗanda aka ɗauka ya ƙara faɗuwa, jami'a ta ƙara suna cewa shigarta wuya, baɗi masu nema su ƙaru. Tulane da ke Luwiziyana ta kai abin ƙarshe, a 2022 wajen kashi biyu cikin uku na ajinta ta hanyar ED suka shigo, waɗanda ta ɗauka ta hanyar kowa da kowa kuwa mutum 106 ne kacal. Yaron da ya biya kuɗin fom a Janairu yana ganin yana cikin layi, ashe an daɗe da rufe ƙofa.

Amma babbar maganar ita ce kuɗi, kuma nan ne nake son iyaye su buɗe kunne. Manyan jami'o'in kuɗi yanzu in ka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai wasu sun haura dala dubu 90 a shekara, shekara huɗu kuma ka lissafa da kanka. Yawancin mutane ba wannan farashin suke biya ba, ana rage musu gwargwadon ƙarfinsu, amma nawa za'a rage sai an ɗauke ka tukunna ka gani a rubuce. Wanda ya bi hanyar kowa da kowa a watan Afrilu zai baza takardu huɗu ko biyar a kan tebur, wannan tace ka kawo dubu 12, waccan tace dubu 25, wata ta baka sikolashif na ƙwazo, har ka ɗauki takardar wannan ka kai wa waccan kace ku duba abin da aka bani ku sake lissafi, kuma sau da yawa suna sakewa. Wanda ya sa hannu a ED takarda ɗaya ce zata zo masa, ba shi da abin gwadawa kuma jami'a ta san ba inda zai je, toh me zai sa ta ƙara masa sisi? Cinikin biri a sama kenan, ka ce ka saya kafin a faɗa maka nawa ne. Mai kuɗi wannan bai dame shi ba tunda dama cikakken farashi zai biya ko ina ne.

Zasu ce maka ai in tallafin bai isa ba ana sakin mutum daga alkawarin, kuma gaskiya ne ana saki, ba kotu za'a kai ka ba. Amma ka tsaya ka duba ranar da hakan zai faru. Ana tsakiyar Disamba, yaro ya riga ya yi ihun murna, ya sa rigar jami'a ya ɗauki hoto, kakarsa a gida ta ji labari ta yi guɗa, sannan kai uba ka zauna da takardar ka ga kuɗin ya fi ƙarfinka. Yanzu kai ne zaka kalli idonsa kace a haƙura, kuma in kun haƙura gurbin ya tafi gaba ɗaya, saura kwanaki kaɗan a rufe neman sauran jami'o'in, makaranta kuma ta tafi hutun Kirsimeti. Iyaye nawa ne zasu iya? Yawanci sai su ce Allah zai kawo, su faɗa bashi.

Mutanenmu kuma suna da nasu nauyin da fom bai sani ba. Direban tasi a Bronx ko mai aikin jinya da ke haɗa aiki biyu, a takardar haraji sai ka ga kamar suna da ɗan abin hannu, amma duk wata akwai kuɗin da ake turawa Kumasi ko Damagaram ko Kano, na abinci, na asibitin tsoho, na makarantar 'ya'yan ɗan'uwa da ya rasu, kuma lissafin FAFSA, wato fom ɗin tallafin gwamnatin tarayya, bai san da wannan ba. Sannan tun daga zangon 2024 zuwa 2025 aka cire rangwamen da ake yi wa gidan da ke da yara biyu ko uku a jami'a lokaci guda, mu kuma gidajenmu akwai yara masha Allah, wannan na binsa wannan. Bashin gwamnati da yaro zai iya ci da sunansa a shekarar farko dala 5,500 ne kawai, bayan haka sai dai iyaye su ci nasu da ake kira Parent PLUS, wanda ruwan da ke kansa ya kai wajen kashi 9 cikin 100. Ga musulmin da ya yi shekaru yana kauce wa riba, ya ƙi sayen mota da bashi, ya zauna haya don gudun bashin gida mai ruwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma bai kamata ya fara jinta a Disamba bayan ya riga ya sa hannu ba.

Shi ya sa nake cewa Oktoba ce watan fargaba. Doka ta tilasta wa jami'o'in da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya su sa manhajar ƙiyasin farashi a shafinsu na intanet, tun 2011 ake haka, ka zuba albashinka da yawan iyalinka ta faɗa maka kusan abin da zaka biya. Bata cin awa guda. Ka zauna da yaron da takardar harajinka ku cike tare, ka adana abin da ta fitar, in lambar da za'a turo a Disamba ta yi nisa da wannan kana da hujjar komawa ka yi magana. Ka faɗa wa ɗanka gaskiyar abin da zaka iya tun kafin ya ƙwallafa rai. Na san a al'adarmu uba ba ya buɗe wa ɗa aljihunsa, ana ganin kamar zubar da girma ne, amma yaron da zai sa hannu a alkawarin ɗaruruwan dubban daloli ya isa a gaya masa.

Su kansu jami'o'in sun san abin ba adalci. A 2006 Harvard ta sanar ta daina admishan na sammako gaba ɗaya, shugabanta na riƙo a lokacin Derek Bok ya ce tsarin yana ƙara fifita waɗanda dama suke da fifiko. Princeton da jami'ar Virginia suka bi sahu. Sauran suka ƙi, suka cigaba da kwashe yara masu ƙoƙari tun Disamba, a 2011 Harvard da Princeton suka dawo da sammakon, duk da dai mara ɗauri suka dawo da shi. Wannan ya nuna min cewa babu jami'ar da zata iya bari ita kaɗai, duk wadda ta saki sauran zasu ci kasuwarta. Virginia Tech ta soke nata ED a 2023 tare da fifikon 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, bayan kotun ƙoli ta hana duba launin fata wajen admishan a watan Yunin shekarar, kuma a Agustan 2025 wasu ɗalibai sun maka manyan jami'o'i 32 a kotun tarayya kan cewa ED haɗa baki ne da ke hana gasa ya tsadar da karatu. Inaga nan ne mafita take, ko kotu ko majalisa. Jami'ar da ba ta biyan haraji kamar kamfani, ɗalibanta kuma suna zuwa mata da kuɗin tallafin gwamnati, ba zalunci ba ne in ance mata zata iya ba da amsa da wuri amma ba zata ɗaure kowa ba sai 1 ga Mayu.

Kar wani ya fahimce ni cewa ina hana yaranmu neman manyan wurare. A'a sam. Wanda samunsa ƙasa yake sosai shi ne ma ya fi dacewa ya buga babbar ƙofa, domin jami'o'i masu tarin dukiya sun fi kowa sauƙi gare shi. Harvard daga zangon 2025 ta ce gidan da samunsa bai wuce dala dubu 100 a shekara ba komai kyauta ne har ɗaki da abinci, wanda bai wuce dubu 200 ba kuma ba zai biya kuɗin karatu ba, MIT ma kusan haka ta sanar, kuma duka biyun sammakonsu ba ɗauri. Akwai shirin QuestBridge na yaran talakawa masu ƙoƙari, amsarsa na fitowa farkon Disamba, akwai ɗauri a ciki amma ka san tun farko cikakken tallafin shekara huɗu ne, toh wannan ciniki ne da aka faɗi farashi. Masana tattalin arziki Stacy Dale da Alan Krueger sun gano cewa ga yawancin ɗalibai masu ƙoƙari iri ɗaya sunan jami'a bai cika sauya abin da zasu samu a aiki ba, amma ga baƙaƙen fata da 'yan Latino da waɗanda iyayensu basu yi karatu mai zurfi ba yana sauyawa. Yaranmu da yawa suna cikin wannan rukunin. Don haka a nema, a nema da ƙarfi, amma da ido buɗe.

Waɗanda ke nema daga gida nasu ya fi zafi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka ɗalibai a Amurka, wajen dubu 20 a zangon 2023 zuwa 2024, kuma in jami'a ta ce zata saki amsa ƙarfe 7 na yamma agogon gabashin Amurka, ƙarfe 1 na dare kenan a Kaduna da Maraɗi, gida guda a farke ana addu'ar kar data ta ƙare. Iyayen da suka saba jiran JAMB sun san wannan zaman. Abin da ya kamata su sani shine ɗalibin waje ba shi da rabo a tallafin gwamnatin Amurka, kuma jami'o'in da ba sa duba aljihun baƙo kafin su ɗauke shi 'yan kaɗan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin. A mafi yawan sauran, neman tallafi kansa yana rage maka damar shiga. Bayan haka ga maganar biza da ta ƙara tsauri sosai tun 2025, har aka sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa a watan Yunin 2025. Mai wannan buri ya fara da EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba da shawara kan karatu, a Abuja ko Legas kafin ya ba wani ejan kuɗinsa.

Sai kuma maganar da ta fi min nauyi, yadda muke ɗora wa yaran fargabarmu. Yarinya 'yar shekara 17 ta yi shekara huɗu tana karatu, ta haɗa da islamiyya ranar Asabar da Lahadi, ita ke fassara wa babarta takardun asibiti, ita ke ɗauko ƙannenta daga makaranta, sannan a makon da take cikin tsoro mafi girma a rayuwarta sai mu tsaya mata a ka da waya a hannu muna ɗaukar bidiyo don in ta samu a tura guruf ɗin WhatsApp na dangi. In bata samu ba fa? Cikin kowane yara goma da suka yi sammako a irin su Brown da Harvard takwas ko tara ba zasu ga amsar da suke so a daren ba, kuma kusan dukkansu yara ne masu ƙoƙari. Don Allah a bar yaro ya buɗe abinsa yadda yake so, in shi kaɗai ne a ɗaki toh, in yana son mamansa a gefe toh. Kuma a daina "ɗan Alhaji wane ya samu Columbia kai me kake yi", ba mu san me ke cikin fayil ɗin ɗan Alhaji ba, ba mu san bashin da Alhaji ya ci ba. Cibiyar bincike ta Pew ta duba jami'o'i 1,364 a alƙaluman 2017, guda 17 ne kawai suke ɗaukar ƙasa da 10 cikin 100, fiye da rabi kuwa suna ɗaukar kashi biyu cikin uku ko sama na masu nema. A CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin Niyok, ɗan jihar Niyok kuɗin karatunsa bai kai dala dubu 7 a shekara ba a manyan kwalejojinta, tallafin gwamnatin tarayya na Pell kaɗai yana kai dala 7,395 ga mai ƙaramin ƙarfi, yaro ya kwana gidan ubansa ya ci tuwon uwarsa ya fito da digiri ba bashi, kuma daga nan ɗin ana fita a zama likita da injiniya da lauya.

In amsar ta zo an ce an ɗage shi zuwa zagayen Maris, alkawarin ɗaurin ya faɗi, yaro ya samu 'yancinsa, sai ya rubuta musu gajeriyar wasiƙa cewa har yanzu yana so ya haɗa da sabon sakamakonsa na zangon farko, daga nan ya juya ga sauran fom ɗin da za'a rufe farkon Janairu. In kuma ƙin ɗauka ne, a bar shi ya yi baƙin cikinsa kwana ɗaya biyu ba wa'azi ba faɗa. Abin da nake tsoro a wannan gaɓar shine zagaye na biyu na ED da jami'o'i irin NYU da Vanderbilt da Johns Hopkins suke buɗewa, a rufe a Janairu amsa ta fito Fabrairu. Yaron da aka ƙi yana cikin zafin rai, yana son ko ina ne a ce an ɗauke shi, sai ya kawo maka wata takardar ɗaurin ta jami'ar da wata biyu baya ko sunanta bai ambata ba, yace Baba sa hannu kawai. Kar ka sa a daren. Ka ce masa ya kawo kwamfuta da takardar haraji ku buɗe manhajar farashin wannan jami'ar tukunna.